Maƙwabci Kafin Gida: Ƙaurar Maɗinkan Bargo na Amurka Zuwa Ƙasar Ɗumi

A ƙasar Amurka, musamman a jihohinta na arewa waɗanda suka yi iyaka da Kanada, akwai wata mas'ala da kan taso wa mutum idan shekarunsa suka kai sittin da 'yan kai, ya ajiye aiki, 'ya'ya suka watse kowa ya kama gabansa, ya duba ya ga gidan da ya rene su a ciki ya yi masa yawa: shin zai ƙarasa sauran kwanakinsa a inda ya saba, yana kwasar dusar ƙanƙara da shebur daga ƙofar gida wata huɗu ko biyar a kowace shekara, ko kuwa zai sayar da gidan, ya tattara nasa ya nasa, ya gangara kudu inda rana ke fitowa da ƙarfinta ko a tsakiyar hunturu? Mai karatu da ya tashi a ƙasar da inuwa ce abin nema, lalle zai yi mamakin mutanen da ke biyan dukiya mai yawa domin su je su tarar da zafi. Amma da zai kwana ɗaya a birnin Minneapolis cikin watan Janairu, lokacin da sanyi kan sauka har digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyus, ya ga yadda tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi ke tsoron taka dandamalin gidanta don kada santsin ƙanƙara ya kwashe ta ta karya ƙugu, da ya yi musu uzuri tun kafin gari ya waye.

Wannan ƙaura ta tsofaffi ba daɗaɗɗiyar al'ada ce ba, domin sai da wasu sabubba suka haɗu sa'an nan ta yiwu. A shekarar 1935 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar fansho ta gama-gari, wadda ta sa tsoho ya sami abin hannunsa duk wata ko ina yake zaune; bayan Yaƙin Duniya na Biyu na'urar sanyaya ɗaki, wadda Willis Carrier ya aza harsashinta tun 1902, ta yi arha har ta shiga gidajen masu matsakaicin hali, ta mayar da hamadar Arizona da fadamun Fulorida wuraren da mutum zai iya barci cikin bazara; a 1965 kuma aka kafa tsarin biyan kuɗin magani ga wanda ya kai shekara 65. Ran 1 ga Janairu 1960 wani attajirin magini mai suna Del Webb ya buɗe wani sabon gari, Sun City, a kan tsofaffin gonakin auduga da ke yamma maso arewa da birnin Phoenix, ya ce gari ne na waɗanda suka ajiye aiki kawai, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa zuwa kallo har hanyoyi suka cushe. Tun daga ranar hanyar kudu ta buɗe, ba ta sake rufewa ba.

To, a cikin masu wannan ƙaura akwai wani jinsi na mutane, galibinsu mata, waɗanda ba su wadatuwa da ɗumi kaɗai, sai sun gindaya wani sharaɗi na biyu, watau dole garin da za su koma ya zama yana da jama'ar masu ɗinkin bargon ƙyallaye, jama'a mai rai wadda ke taruwa tana aiki. Wannan bargo hawa uku ne. Na sama shi ne fuska, wadda ake yanka yadi kala-kala ƙanana-ƙanana, masu kusurwa uku da masu huɗu da dogaye, a haɗa su da ɗinki bisa wani tsari har su ba da zane. Na tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya. Na ƙasa kuwa shafi ne na yadi guda. Sa'an nan a bi duka ukun da zare a ɗinke su tare, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau, ya ga 'yan lifida da dawakansu, ya riga ya san asalin hikimar, domin lifidi ma yadi ne biyu da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Bambancin kawai shi ne namu an yi shi don tare kibiya da kaifin takobi, nasu kuwa don tare ɗari. Babban bargo na gadon mutum biyu ya kan haura mita biyu ta kowane gefe, ana iya samun ƙyalle dubu ko fiye a fuskarsa, ya kuma ci wa mai shi watanni.

Dalilin da ya sa wannan sana'a ba ta rabuwa da jama'a yana cikin tarihinta. A ƙarni na 19, mace ta kan haɗa fuskar bargonta ita kaɗai a gida cikin dogayen dararen hunturu, amma idan aka zo ɗinke hawa ukun, aikin ya fi ƙarfin hannu ɗaya, sai a ɗaure shi a kan wani faffaɗan katako, maƙwabta su kewaye shi kowa da allurarta, a yi wuni ana ɗinki ana hira, a ci abinci tare, labarin aure da haihuwa da rasuwa duk a nan ake jinsa. Da barguna na masaƙa suka yi arha sai sana'ar ta ja baya, har aka ɗauke ta aikin kakanni. Abin da ya farfaɗo da ita kuwa, a 1971 gidan nune-nunen zane na Whitney da ke birnin Niyu Yok ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar yadda ake rataye aikin manyan masu zane, masu ilmi suka zo suka tsaya suna jinjina kai. A 1976 ƙasar ta yi bikin cika shekara 200 da samun 'yanci, sha'awar ayyukan magabata ta motsa. A 1979 kuma kamfanin Olfa na Japan ya fito da wata wuƙa mai kamar ƙaramar taya, wadda ke yanka yadi ninki da yawa a gungurawa ɗaya, aikin da almakashi zai yi a mako ya koma na yini. Daga nan ƙungiyoyi suka tsiro a birni da ƙauye. Galibi ƙungiya ta kan yi babban zama sau ɗaya a wata, a ɗakin taron coci ko na unguwa, inda kowace mace za ta miƙe ta warware abin da ta gama a tafa mata, a gayyato gwana daga wani gari ta koyar da wani salo. A ƙarƙashin babbar kuma akwai ƙananan majalisu na mutum shida ko goma da ke zagaya gidajen juna mako-mako, waɗannan ƙananan su ne ainihin zuciyar al'amarin.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sharaɗi na biyu shagali ne na waɗanda suka ƙoshi. Matar da ta yi shekara arba'in a gari ɗaya tana da waɗanda za su lura in ba ta fito ba, da wadda za ta kai ta asibiti, da wadda za ta kawo mata miya ranar da ta kwanta. Ranar da ta hau mota ta nufi kudu duk wannan ta bar shi a baya, babu kuma dillalin gidaje da zai sayar mata da madadinsa. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan kaɗaici, yana lissafa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon zuciya da gushewar hankali da gajarta kwana. Larabawa sun ce a nemi maƙwabci kafin gida, a nemi abokin tafiya kafin hanya. Abin da waɗannan mata suka gane da basirarsu shi ne cewa baƙo mai shekara saba'in ba ya yin abokai ta hanyar ƙwanƙwasa ƙofofi, amma idan ya shigo da sana'a a hannunsa, ya zauna gefen wadda ke fama da kusurwar da ta ƙi haɗuwa ya nuna mata dabara, to, an zama ɗaya ke nan ba tare da an tambayi asali ba.

Kuskuren farko da mai neman wuri kan faɗa ciki shi ne ya ɗauki shahara a matsayin jama'a. Garin da ya fi kowane suna a wannan fanni shi ne Paducah na jihar Kentaki, a mahaɗar kogin Ohio da na Tennessee, inda Bill da Meredith Schroeder suka kafa ƙungiyar masu ɗinkin bargo ta Amurka a 1984, aka buɗe babban gidan adana barguna na ƙasa a 1991, hukumar UNESCO kuma ta sanya garin cikin biranen fasahar hannu a 2013. A kowane Afrilu baƙin da ke zuwa bikin barguna na garin kan yi kusan yawan mutanen garin. Sai dai Paducah ba ƙasar ɗumi ba ce, ruwa yana daskarewa a can cikin hunturu, a Janairun 2009 ma ruwan ƙanƙara ya kakkarya itatuwa da turakun lantarki ya bar yammacin jihar cikin duhu kwana da kwanaki. Birnin Houston na jihar Taksas ya fi ɗumi nesa ba kusa ba, shi ne kuma masaukin bikin barguna na duniya wanda Karey Bresenhan ta fara a 1974, wanda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam ke halarta kowace kaka. Ita da 'yar'uwarta Nancy O'Bryant suka buɗe wani gidan adana barguna a ƙaramin garin La Grange a 2011. Amma biki kwana huɗu ne ko biyar, a watse, a naɗe rumfuna. Saura kwana 360 mutum yana zaune a wani makeken birni da zai iya yin sa'a guda a mota kafin ya isa wurin zaman majalisarsa, alhali idonsa ya fara gazawa da tuƙin dare. Gidan tarihi abin ziyara ne sau biyu ko uku a shekara, ba ya kuwa zuwa gaishe ka in ka kwanta ciwo.

Akwai wani wuri kuma da ya kamata a tsaya a kansa, domin yana bayyana wani abu da masu ƙaura ba su cika son ji ba. A jihar Alabama, cikin gundumar Wilcox, kogin Alabama ya yi wata lanƙwasa ya kewaye wani yanki ta gefe uku, ana kiran wurin Gee's Bend, da sunan Joseph Gee wanda ya kafa gonar auduga a can a 1816 da ƙarfin bayi. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, shi ya sa har yau da yawa daga jikokin bayin nan suna ɗauke da sunan Pettway. Matan wannan ƙauye, cikin talauci mai tsanani da gidajen katako waɗanda iska ke ratsawa, sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin wandunan noma da buhunan gari da duk abin da ya saura na tufa, ba su da littafin zane, ba su da ma'auni, kowace tana yanka da ido tana haɗawa yadda zuciyarta ta ba ta, uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa jika. A 1962, lokacin da baƙaƙen fata suka tashi neman a rubuta sunansu cikin masu jefa ƙuri'a, aka dakatar da jirgin fito da ke ƙetare da su zuwa Camden, hedkwatar gunduma, tafiyar ɗan lokaci ta koma zagaye mai nisa, ba a kuwa mai da jirgin ba sai 2006. Martin Luther King ya ziyarce su a 1965, da aka kashe shi a 1968 kuma alfadarai biyu na Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a birnin Atlanta. A 2002 aka nuna bargunansu a babban gidan zane na Houston, daga nan aka kai su Whitney, duniya ta ɗauka; a 2006 hukumar gidan waya ta buga hotunansu a jikin kan sarki.

Ga ɗumi, ga jama'a wadda babu kamarta a fannin. Amma wa zai ce zai sayi gida a Gee's Bend ya zama ɗayansu? Jama'ar nan gado ce, an haife ta cikin bauta da wahala da zumuncin jini, mutanen ƙauyen 'yan ɗaruruwa ne kawai, asibiti da kasuwa suna nesa. Baƙo yana iya zuwa ya gaishe su, ya sayi aikinsu da daraja, ya zauna a ajin da wasunsu ke koyarwa, a karɓe shi hannu bibbiyu, amma zai koma yana baƙo. Haka al'amarin yake, ko da yake bai kai wannan tsanani ba, a tsibiran Hawayi, inda matan mishan suka kawo allura da yadi a 1820, matan ƙasar suka mai da abin nasu: su kan ninke yadi guda sau takwas su yanka shi da siffar ganye ko fure, su shimfiɗa a kan wani mai launi dabam, su bi gefensa da layukan ɗinki kamar rawar ruwa, zanen kuma mallakar mai shi ne da zuriyarta, ɗaukarsa ba da izini ba abin kunya ne. Sarauniya Liliuokalani da kanta ta yi ɗinkin bargo sa'ad da aka tsare ta a fadar Iolani a 1895. Ɗumin Hawayi babu na biyunsa, sai dai tsadar rayuwa a can ta fi ta kowace jiha, tsakaninta da gaɓar Kalifoniya kuma akwai teku na kusan kilomita 4,000, nisan da ke sa ganin jika ya zama sai shekara-shekara.

Saboda haka galibin masu ƙaura su kan ƙare a irin garuruwan da aka gina musamman domin baƙi, inda kowa baƙo ne, babu mai tutiyar cewa kakansa ne ya sari wurin. Mafi girmansu shi ne The Villages a tsakiyar Fulorida, wanda ƙidayar 2020 ta sami mutum kusan 80,000 a cikinsa, ya kuma ci gaba da faɗaɗa tun daga nan. Mutanensa da ƙananan motocin filin wasan golf suke zirga-zirga, ƙungiyar masu ɗinkin bargo ta garin kuwa ta yi yawa har ta rabu rassa-rassa, kowane reshe da ranarsa da ɗakinsa. A Sun City da 'yan'uwanta na Arizona ma akwai ɗakunan sana'a da aka tanada da kekunan ɗinki da manyan tebura na yanka, memba ya biya ɗan abin da aka yanka masa a shekara ya shiga. Dokar ƙasa ta 1995 ta yarda irin waɗannan unguwanni su keɓe kansu ga tsofaffi, muddin kashi 80 cikin ɗari na gidajen akwai mai shekara 55 ko fiye a ciki. A nan ne ni nake da ja. Garin da babu kukan jariri, babu 'yan makaranta da ke wucewa da safe, jika ma in ya zo kwanakinsa ƙidayayyu ne, gari ne da ya sayi natsuwa da tsada. Sana'ar da aka gada daga kaka zuwa jika kuma, idan aka killace ta cikin tsara guda, ta sami masu yi da yawa amma ta rasa mai gado. Duk da haka adalci ya wajabta a faɗi cewa ga bazawarar da ta sauka ba ta san kowa ba, babu inda za ta sami ƙawaye da sauri kamar nan.

Sai mu komo kan shi ɗumin, wanda masu tallar gidaje ke nunawa da hoton watan Fabrairu. A Phoenix, yinin Janairu ya kan kai wajen digiri 19 ko 20, sama garau, iska busasshiya, mai ciwon gaɓoɓi ya ji kamar an sauke masa kaya. Amma a 2023 birnin ya yi kwana 31 a jere, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye a kowace rana, hukumar lafiya ta gundumar Maricopa kuma ta ƙidaya mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a wannan shekara, cikinsu har da tsofaffin da aka tarar a ɗakunansu na'urar sanyaya ta lalace ko an kashe ta don tsoron kuɗin wuta. Watau wadda ta gudu daga kullen hunturu ta zo ta tarar da kullen bazara, daga Yuni zuwa Satumba ba ta fita sai da asuba ko bayan magariba. Ga kuma mas'alar ruwa, domin a 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin Colorado karo na farko a tarihi, Arizona ce kuma ta fi kowa ɗaukar ragin.

Fulorida tata jarrabawar dabam ce. Ba ta karɓar harajin jiha a kan abin da mutum ke samu, haka ma Taksas, wannan kuwa ba ƙaramin abin jan hankali ba ne ga mai cin fansho. Amma abin da aka bar maka ta ƙofar haraji ana karɓarsa ta tagar inshora. Lokacin mahaukaciyar guguwar teku yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, rabin shekara cur. A ƙarshen Satumban 2022 guguwar da aka yi wa laƙabi da Ian ta faɗa wa yankin Fort Myers, ɗaya daga wuraren da masu ritaya suka fi so, ta kashe mutum kusan 150 a jihar, galibinsu masu yawan shekaru. A wajen wannan lokaci kamfanonin inshorar gidaje da dama sun karye ko sun janye daga jihar, kuɗin inshora ya zama cikin mafi tsada a ƙasar duka. Houston ma a Agustan 2017 guguwar Harvey ta zubar mata da ruwan da ya haura mita guda a wasu unguwanni cikin 'yan kwanaki. Har shi yadin ma yana da ra'ayi a cikin maganar: laimar gaɓar teku tana sa auduga fumfuna da wari idan an ajiye ta a gareji ko ɗakin da ba a sanyaya shi, allura da ƙarfen keke su yi tsatsa, hasken ranar hamada kuwa yana koɗar da launi ta taga cikin ɗan lokaci. Matar da ta tara yadi na shekara talatin, irin tarin da kowace mai wannan sana'a ke da shi tana kuma ɓoye wa mijinta adadinsa, dole ta sa ɗaki guda mai sanyi da labule cikin lissafin gidan da za ta saya. Wasu su kan tsallaka iyaka zuwa gaɓar tafkin Chapala a Meziko, mai tudun mita 1,500, inda zafi da sanyi duka suka yi sassauci, Amurkawa da mutanen Kanada kuma suka daɗe da yin sansani. Illa dai tsarin maganin tsofaffi na Amurka galibi ba ya biyan jinyar da aka yi a wajen ƙasa, wannan kuwa ga mai shekara saba'in magana ce da ba a ɗauka da wasa.

Akwai wani sirri da ba ya bayyana sai ga wanda ya yi haƙurin bincike. Yawancin cikar da ake gani a ƙungiyoyin kudu ta 'yan cin rani ce, waɗanda ke saukowa daga Kanada da jihohin arewa a Nuwamba su koma gida a Afrilu. A kwarin Rio Grande na kudancin Taksas da garuruwan hamadar Arizona, ɗakin da ba a samun kujera a cikinsa a Fabrairu ya kan koma mutum biyar da fanka a Yuli, wasu majalisun ma su rufe gaba ɗaya sai kaka. Wanda ya zo ziyara cikin hunturu, ya ga cika, ya sayi gida, zai gane a bazararsa ta farko cewa ƙawayen da ya ƙaura dominsu suna can Ontario suna ban ruwan furanni. Don haka masu tadbiri su kan ba da shawarar a kama hayar gida wata biyu ko uku tukuna, a kuma zaɓi mafi munin lokaci, watau Agusta, a je zaman ƙungiya a matsayin baƙuwa sau uku ko huɗu, a lura ko akwai wadda ta matsa ta ba da wuri, ko an tambayi sunanta a zama na biyu an tuna, ko ƙananan majalisu suna da gurbi ko kuwa sun cika tun shekara goma sun rufe ƙofa. A duba kuma salon aikin, domin ma'abota wannan sana'a suna da mazhabobi: akwai masu riƙo da ɗinkin hannu da zanen magabata, akwai 'yan zamani, waɗanda ƙungiyarsu ta fara a Los Angeles a 2009, masu son fili fari da launi mai ƙarfi, akwai kuma masu yin na rataya a bango waɗanda ba a rufa da su, wadda ta faɗa cikin mazhabar da ba tata ba za ta sha murmushi, amma ba za ta sami abokiyar shawara ba.

Kantin yadi ma rukuni ne. A 2025 kamfanin Joann, wanda ya fi kowa yawan kantunan yadi a ƙasar, ya rufe dukan rassansa wajen 800, garuruwa da yawa suka wayi gari babu inda za a taɓa yadi da hannu kafin a saya, sai ta intanet, inda launin da ke kan allo ba lalle ne ya zama shi zai zo a kwali ba. Ƙaramin kanti mai zaman kansa, wanda ke da aji a bayansa da teburin da ake zama ranar Asabar, sau da yawa shi ne ƙofar shiga jama'ar gari, a nan kuma ake jin wa ke da wani babban keken ɗinki mai dogon hannu, wanda tsawon teburinsa kan kai mita uku ko huɗu, mai ɗinke hawa ukun cikin yini, domin ba kowa ke iya sayensa ko samun ɗakin da zai ɗauke shi ba, akasari haya ake yi ko a kai wa mai shi a biya ta.

Mai tambaya zai ce, to, ina amfanin bargo a ƙasar da ake kwana da fanka? Amsar ita ce kaɗan ne daga cikinsu ke kwana a gidan da aka ɗinka su. Wasu a kan aika wa jikoki a arewa, sauran kuwa sadaka ne: ƙungiyar Project Linus, wadda aka kafa a 1995, tana rarraba su ga yara marasa lafiya da waɗanda masifa ta faɗa wa, ƙungiyar Quilts of Valor, wadda Catherine Roberts ta fara a 2003 sa'ad da ɗanta yake fagen yaƙi a Iraƙi, tana lulluɓa su ga sojojin da yaƙi ya taɓa, ɗakunan wankin ƙoda da na maganin ciwon daji kuma, waɗanda ake sanyayawa ƙwarai ko a Fulorida, ba su ƙoshi da su. Ƙungiyar da ke da irin wannan aiki na kullum ta fi zama da ƙafafunta, domin akwai ranar da aka yi alkawarin kai kaya, akwai mai yanka, akwai mai guga, akwai mai dunƙule baki, sabuwar zuwa kuma tun ranar farko za a miƙa mata abin yi.

Ba duk wanda ya tafi ke zama ba. Akwai jama'a mai yawa da suka gwada Fulorida shekara uku ko biyar, zafi da guguwa da inshora da kewar jikoki suka ishe su, ba su kuma yarda su koma cikin ƙanƙara ba, sai suka tsaya a rabin hanya, a tuddan Karolaina ta Arewa da ta Kudu da gabashin Tennessee da arewacin Jojiya, inda hunturu gajere ne, bazara tana da dama-dama, mota kuma tana kai mutum Ohio ko Pennsylvania cikin yini ɗaya. Yankin nan na duwatsun Appalachia yana da tsohuwar al'adar ɗinkin bargo tasa tun kafin a san da ritaya, makarantar sana'o'in hannu ta John C. Campbell da ke Brasstown kuma an kafa ta tun 1925. Sai dai a Satumban 2024 guguwar Helene ta hau har cikin waɗannan tuddai ta yi ambaliya mai muni a Asheville da kewayenta, ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku, wurin da da yawa daga masu ƙaurar suka zaɓa musamman domin sun ɗauka guguwa ba ta isa can.